Buɗe asirin tsofaffin manhajojin kwamfuta: ina amfaninsa, kuma ina ya tsaya?

Abubuwa biyu sun faru cikin ƴan shekarun nan a fagen na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kwamfuta, ma'aikatan ofisoshinmu kuma suke ce mata ordinater. Dukkansu biyu daga kamfani guda suka fito, watau Microsoft na ƙasar Amurka, kuma ya kamata a jera su wuri ɗaya a dube su.

Na farko: ran 25 ga watan Afirilu na shekara ta 2024, kamfanin ya haɗa kai da IBM suka saki asalin rubutun wata tsohuwar manhaja mai suna MS-DOS 4.0, wadda ta fito tun 1988. Suka ce kowa na iya karanta shi, ya juya shi, ya gyara, ya rarraba, ba tare da biyan ko dala ba. Na biyu: ran 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, kamfanin ya kawo ƙarshen wa'adin kulawar da yake yi wa Windows 10, manhajar da ta fito a 2015, wadda ɗaruruwan miliyoyin na'urori ke aiki da ita a duniya. Ita kam ba a saki asalin rubutunta ba.

Ke nan an buɗe wadda ta shekara 36 kuma kusan ba mai aiki da ita, an bar wadda ta shekara 10 a kulle alhali jama'a na tsakar bukatarta. Abin tambaya shi ne: mene ne amfanin wannan buɗewa, me ya sa take zuwa a makare, kuma ina ruwan ƙasa irin tamu da wannan al'amari?

Uwar manhaja da asalin rubutu

Kwamfuta ƙarfe ce da waya da roba. Ba ta iya komi sai da umurnin da aka rubuta mata. Wannan umurni shi ne manhaja. Daga cikin manhajoji akwai babba guda wadda sauran ke zaune bisa kanta: ita ke tashin na'urar, ta raba wa kowane aiki wurinsa da lokacinsa, ta adana takardu, ta sada allon bugu da abin da ke fitowa a gilashi da injin buga takarda. Ita ce za mu kira uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka Linux, haka Android da ke cikin wayoyin hannu.

Kowace manhaja tana da fuska biyu. Akwai asalin rubutu, wanda masana suka tsara da hannunsu cikin wani harshe da ɗan Adam zai iya karantawa in ya koya. Sa'an nan akwai abin da ake samu bayan an juya wannan rubutu zuwa harshen inji, jerin sifiri da ɗaya wanda na'ura kaɗai ke ganewa. Galibin kamfanoni na biyun suke sayarwa, su ɓoye na farkon. Misalinsa kamar mai maganin gargajiya ne da ke sayar maka da gari a ƙunshe, amma ba ya faɗa maka saiwoyin da ya daka. Muddin yana kasuwa ba ka da damuwa. Ranar da ya daina zuwa, ko ya ce ya bar haɗa wannan magani, sai ka koma kana riƙe da ƙunshin da ba ka san yadda za ka sake samun irinsa ba.

Buɗe manhaja, a wannan magana tamu, shi ne mai ita ya fito da asalin rubutun a fili, ya kuma ba da takardar izini, watau lasisi, wadda ke faɗin abin da jama'a ke da ikon yi da shi.

Yadda aka kulle ƙofa

Ba haka al'amarin ya faro ba. Cikin shekarun 1950 da 1960 kamfanoni na cin ribarsu ne daga sayar da injin kansa, manhaja kuwa sau da yawa tare da injin ake ba da ita har da asalin rubutunta, masu aiki da ita suna gyarawa suna musanya tsakaninsu. A shekara ta 1969 IBM ta fara raba kuɗin manhaja da na inji. A 1976 Bill Gates, wanda ya kafa Microsoft tare da Paul Allen, ya rubuta wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu juyar manhajarsa ba tare da biya ba. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta tabbatar da cewa dokar haƙƙin mallaka ta shafi manhaja, a 1983 kuma IBM ta fara daina ba masu sayen kayanta asalin rubutu.

Dokar Amurka tana kare aikin da kamfani ya wallafa har shekara 95. Wannan wa'adi an auna shi ne da littafi da waƙa, waɗanda ke iya amfanar jikoki da tattaɓa-kunne. Manhaja kuwa cikin shekara 10 ko 15 take tsufa. Wadda ta fito a 1981, in mai ita bai sake ta da kansa ba, sai bayan shekara ta 2076 za ta zama ta kowa, lokacin da injunan da aka yi ta dominsu sun daɗe da zama tarkace. Saboda haka ne duk wata buɗewa da muke gani yau ta dogara ga ganin damar mai kaya.

Waɗanda aka riga aka saki

MS-DOS ita ce ta fi shahara. Wani masani mai suna Tim Paterson ne ya rubuta tushenta a 1980 a wani ƙaramin kamfani na birnin Siyatil. A watan Yuli na 1981 Microsoft ta saye ta baki ɗaya da dalar Amurka dubu 50, a watan Agusta kuma IBM ta fito da ƙaramar kwamfutarta ta ofis ɗauke da ita. Bisa wannan ciniki ne Microsoft ta gina dukiyarta. A watan Maris na 2014 kamfanin ya miƙa rubutun tsofaffin fitowar MS-DOS guda biyu ga gidan ajiyar tarihin kwamfuta na jihar Kalifoniya, a watan Satumba na 2018 ya sake fito da su a dandalin GitHub da lasisi mai sauƙi da ake kira MIT, sa'an nan ta 4.0 ta biyo baya a 2024.

Kafin MS-DOS akwai CP/M, wadda Gary Kildall ya rubuta a 1974, ita ce ke tuƙa yawancin ƙananan kwamfutocin ofis na ƙarshen shekarun 1970. Kildall ya rasu a 1994, haƙƙin mallakarta ya yi ta sauya hannu, sai a watan Yuli na 2022 mai riƙe da shi ya bayyana a rubuce cewa kowa na da izinin amfani da ita da gyara ta da rarraba ta.

Akwai Multics, babbar uwar manhaja ta shekarun 1960, wadda daga bisani ta koma hannun Bull, kamfanin ƙasar Faransa. Na'ura ta ƙarshe da ke aiki da ita an kashe ta a watan Oktoba na shekara ta 2000 a birnin Halifas na ƙasar Kanada, bayan ƴan shekaru kuma Bull ta miƙa rubutunta ga jami'ar MIT domin kowa ya gani. Akwai RISC OS, wadda kamfanin Acorn na Ingila ya faro a 1987 domin ƙwaƙwalwar inji samfurin ARM, kakar wadda ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau. An sake ta da cikakken lasisi a watan Oktoba na 2018, kuma tana aiki a ƴar ƙaramar kwamfutar nan mai araha da ake kira Raspberry Pi. A watan Maris na 2021 Nokia ta miƙa Plan 9, manhajar ɗakunan bincike na Bell, ga wata gidauniya. A watan Janairu na 2023, cikar shekara 40 da fitowar kwamfutar Lisa, kamfanin Apple ya yarda a wallafa rubutun manhajarta.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wani zai ce: to, mene ne amfanin tsohon kaya? Amfani na farko shi ne koyarwa, kuma tarihin Unix ya ishe mu shaida. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T. Cikin shekarun 1970 ana ba jami'o'i ita tare da asalin rubutunta. Wani malami a ƙasar Ostareliya, John Lions, ya ɗauki zuciyar fitowa ta 6, wadda ba ta kai layi dubu 10 ba, ya yi mata sharhi layi bayan layi domin ɗalibansa. Da fitowa ta 7 ta zo a 1979, kamfanin ya hana a koyar da rubutun a aji. Ɗalibai suka shiga juyar littafin Lions a ɓoye, hannu zuwa hannu, har sai 1996 aka ba da izinin buga shi.

Wannan hani ne ya sa wani malami a birnin Amsterdam, Andrew Tanenbaum, ya rubuta tasa ƙaramar uwar manhaja mai suna Minix a 1987 domin ya samu abin koyarwa. Daga Minix wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya koyi aikin, ya fara Linux a 1991. Yau Linux ce ke ƙarƙashin Android, ita ce kuma ke tuƙa yawancin manyan injunan da intanet ke tafiya bisa kansu. Duk wannan ya samo asali daga ɗalibai da suka samu damar karanta aikin magabatansu. Tsohuwar manhaja ƙarama ce, mutum guda na iya karance ta cikin ƴan watanni ya gane yadda kowane sashe ke aiki. Ta zamani kuwa miliyoyin layuka ce, ba mai iya riƙe ta duka a ka.

Amfani na biyu shi ne ajiyar tarihi. Rubutun manhaja na ɓacewa kamar yadda tsofaffin takardu ke ɓacewa. A lokacin da ake shirin sakin MS-DOS 4.0, abin da aka fara nema shi ne rubutun wata fitowa ta dabam mai iya ayyuka da yawa a lokaci guda. Microsoft da kanta ta ce ba ta samu cikakkensa a ma'ajiyarta ba. In kamfani mai wannan ƙarfi na iya ɓatar da abin da ya rubuta, ina ga ƙananan da suka karye? Saboda haka ne cibiyar bincike ta Inria a Faransa ta buɗe wata ma'ajiya mai suna Software Heritage a 2016, hukumar UNESCO kuma ta sa hannu a yarjejeniya da ita a 2017. Mu da muka san darajar tsofaffin littattafan Larabci da ajami da marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Buɗewa suna ta tara

Sai dai duk wanda ya ji an ce an buɗe wata manhaja, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya yi murna.

Tambaya ta farko: wane izini aka bayar? Sakin MS-DOS na 2014 na kallo ne da nazari kawai, an hana kasuwanci da shi, an hana sake wallafa shi a wani wuri. Haka lasisin Lisa yake da irin waɗannan sharuɗɗa. Wannan tamkar kayan gidan tarihi ne da ke bayan gilashi. Lasisin MIT na 2018 da 2024, da na Apache da aka ba RISC OS, su ne ke ba mutum ikon ɗauka ya gina abinsa a kai, har ya sayar.

Tambaya ta biyu: an saki abin cikakke ne, kuma yana aiki? Ƴan kwanaki bayan fitowar MS-DOS 4.0, masana tarihin manhaja suka nuna cewa wajen ɗora rubutun a intanet an lalata wasu haruffa na tsohon tsari, har juya shi zuwa harshen inji ya ƙi yiwuwa sai da aka yi gyara, kuma kwanakin watan da ke jikin takardun sun ɓace. Ajiyar tarihi aiki ce da ke bukatar kula kamar kowace sana'a.

Tambaya ta uku: wanda ya bayar, nasa ne? A watan Janairu na 2002 kamfanin Caldera ya ba da izinin amfani da tsofaffin fitowar Unix. Daga baya aka shiga doguwar shari'a, a 2010 kuma kotun Amurka ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar Unix na kamfanin Novell ne. Wannan ya jefa shakku a kan kyautar ta 2002.

Inda aka amsa tambayoyin nan uku da kyau, amfanin na ɗorewa ko da kamfani ya sake shawara. Kamfanin Sun ya buɗe Solaris a watan Yuni na 2005, tana da ranta, ana aiki da ita a bankuna da manyan ma'aikatu. A farkon 2010 Oracle ta saye Sun, cikin wannan shekara kuma ta daina sakin sabon rubutu. Amma abin da aka riga aka bayar ba ya karɓuwa: wasu masana suka ɗauke shi suka ci gaba da shi da sunan illumos, tsarin adana takardu na ZFS da ya fito daga cikinsa kuma ana amfani da shi har yau a wasu manhajojin.

Gaskiya kuma ita ce buɗewa kaɗai ba ta rayar da matacce. Nokia ta saki Symbian, manhajar wayoyinta, a watan Fabarairu na 2010, amma masu ƙera waya sun riga sun karkata ga Android, ba a samu masu ɗaukar nauyinta ba, ta mutu. Rubutu na bukatar mutanen da za su karanta shi su yi masa hidima.

Me ya sa ake ƙin sakin waɗanda ake bukata?

Kamfanoni na da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Hujja ta farko ita ce babbar manhaja ba ta mutum guda ba ce. IBM da Microsoft tare suka fara OS/2 a 1987, wadda ta daɗe tana aiki cikin injunan cirar kuɗi na bankuna. IBM ta daina kula da ita a ƙarshen 2006. Masu amfani da ita sun kai koke a 2005 da 2007 cewa a sake ta, IBM ta ƙi, tana mai cewa akwai sassan wasu kamfanoni a ciki da ba ta da ikon bayarwa. Tsefe rubutu mai miliyoyin layuka domin a ware na wane da na wane aiki ne na lauyoyi da masana mai cin kuɗi, kamfani kuma ba ya ganin ribar da zai ci a ciki.

Hujja ta biyu ta tsaro ce. Sabuwar Windows ta gaji sassa da yawa daga tsohuwa, saboda haka wanda ya karanta tsohuwar zai iya gano ɓarakar da ke cikin sabuwar. Masu goyon bayan buɗewa na amsawa da cewa ɓarayi ba su jiran izini: an sace wani sashe na rubutun Windows 2000 an watsa a 2004, na Windows XP kuma a watan Satumba na 2020. Mugu ya riga ya gani. Mai gaskiya ne doka ta hana ya taɓa. Masu aikin ReactOS, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1990 suke ƙoƙarin rubuta madadin Windows daga tushe, sun haramta wa kansu duba rubutun sata, kuma har yau aikinsu bai kammala ba.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce babba. Tsohuwar manhaja mai kyau, in ta samu masu gyara ta, kishiya ce ga sabuwa. A watan Janairu na 2020, da wa'adin Windows 7 ya ƙare, gidauniyar manhaja mai ƴanci da Richard Stallman ya kafa a 1985 ta nemi Microsoft ta sake ta, har ta aika wa kamfanin da faifan ajiya wanda ba komi a cikinsa domin a zuba rubutun. Bukata ba ta biya ba. Sakin MS-DOS bai rage wa kamfanin ko sisi ba, ya kuma jawo masa yabo daga masu rubuta manhaja, waɗanda yake neman su yi aiki a dandalin GitHub da ya saya a 2018 da dalar Amurka biliyan 7 da rabi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tsoho bai bar aiki ba

Kamfani na iya cewa ya yi ritaya da manhaja, amma injunan da ke ɗauke da ita ba su san da wannan ba. Ran 7 ga watan Nuwamba na 2015 aka dakatar da tashi da saukar jirage na wani lokaci a filin Orly na birnin Paris, saboda na'urar da ke sanar da matuƙa nisan gani cikin hazo ta tsaya. Sai ga shi tana aiki ne da Windows 3.1 ta shekara ta 1992. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da masana'antun motoci na Renault. A lokacin Microsoft ta fito da gyaran gaggawa har ga Windows XP, wadda ta daina kula da ita tun watan Afirilu na 2014. Ta kyauta, amma da ta ƙi, ba wani mahaluƙi a duniya da ke da rubutu da izinin yin gyaran a madadinta.

Batun Windows 10 ya fi waɗannan girma. Windows 11 da ta gaje ta tana bukatar sabuwar ƙwaƙwalwar inji da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, abin da na'urori masu yawa ba su da shi ko da lafiyarsu lau. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Microsoft ta buɗe wani shiri na ƙarin gyaran tsaro ga mutane ɗaiɗai zuwa watan Oktoba na 2026, ma'aikatu kuma su biya kuɗin da ke ninkawa kowace shekara har shekara 3. Jinkiri ne kawai aka samu.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Duk wanda ya shiga shagunan sayar da kwamfuta a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san cewa yawancin abin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci da mai shagon buga takardu ke iya saye, na hannu ne da aka yi aiki da shi a Turai ko Amurka. Duk lokacin da ma'aikatun can suka sauke tsofaffin injunansu, wani kaso nan yake ƙarewa. Injin na da sauran ƙarfi, farashinsa da sauƙi, amma manhajar da ke cikinsa mai ita ya juya mata baya. In aka zuba takardun haihuwa, ko lissafin albashi, ko sunayen majinyata cikin irin wannan na'ura aka haɗa ta da intanet, an ajiye dukiyar jama'a a ɗakin da ba mai gyara ƙofarsa.

Mutanen karkara sun san irin wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. Garuruwa nawa ne aka kafa musu famfo, ya yi shekara biyu ko uku, ya lalace, aka rasa kayan gyara saboda mai ƙera shi guda ne kuma yana nesa? Famfon India Mark II, wanda aka tsara a ƙasar Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF, ya bazu a duniya ne domin zanensa ba mallakar kamfani guda ba ne: masana'antu da yawa na ƙera shi, makanikai kuma na koyon gyaransa. Abin da ake nema ga manhaja ke nan.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da ikon tilasta wa manyan kamfanonin duniya, amma akwai abin da ke hannunmu.

Da farko, duk ma'aikatar da za ta sa a rubuta mata manhaja da kuɗin baitulmali, ya kamata ta rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa mata asalin rubutun da izinin gyara shi, a kuma ajiye kwafinsa a ma'ajiyar takardun ƙasa. In kuwa manhajar ta kamfani ce da ba ya sakin rubutunsa, a tambaye shi tun ranar ciniki: shekara nawa za ka kula da ita, kuma me zai faru bayan nan? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kada a yi gaggawar zubar da injin da Windows 11 ta ƙi. Yawancinsu na iya ɗaukar Linux da LibreOffice, waɗanda ake ci gaba da gyarawa kuma ba a biyan lasisinsu. Jandarmomin Faransa sun fara komawa Linux tun 2008 a dubban na'urorinsu, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta yanke shawara a 2024 ta mai da kwamfutoci kimanin dubu 30. Amma a tuna da birnin Munik, wanda ya yi wannan ƙaura sa'an nan majalisarsa ta yanke komawa Windows a 2017. Sauya manhaja ba tare da horar da sakatarori da akawu ba, da tanadin masu taimaka musu in sun maƙale, wahala ce kawai za ta haifar.

Na uku, malaman jami'o'inmu, daga Abdu Mumuni ta Yamai zuwa Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da André Salifu ta Damagaram, da Jibo Hamani ta Tawa, suna da taska a gabansu wadda ba ta bukatar kuɗin waje. MS-DOS, CP/M, Plan 9, RISC OS da FreeDOS, wadda Jim Hall ya faro a 1994 kuma ake ci gaba da ita, duk suna nan ga mai son karatu. Ɗalibin da ya warware ƙaramar uwar manhaja ya sake ɗaura ta, shi ne gobe zai iya gyara babba. Shi ne kuma zai iya daidaita allon bugu domin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su fito ba tare da wahala ba, abin da duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya san muhimmancinsa.

Na huɗu, ƙasarmu na cikin ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, tana kuma da kujera a ƙungiyar duniya ta OMPI. A ganinmu ya dace wakilan Afirka su ɗaga wannan magana a irin waɗannan wurare: kamfanin da ya daina sayar da manhaja, ya kuma daina gyara ta, ya ajiye asalin rubutunta a wata ma'ajiya amintacciya, a sake shi bayan wa'adi mai ma'ana. Tun 1537 dokar Faransa ta wajabta wa masu buga littafi su ajiye kwafi a ɗakin karatu na sarki, kuma wannan bai karya kowane mai buga littafi ba.

Ƴan uwa, sakin MS-DOS da ire-irenta abin a yaba ne, kuma ya kamata ɗiyanmu su ci moriyarsa. Amma tarihin shekarun nan ya nuna cewa abin da kamfani ya gama cin ribarsa shi yake saki, kuma sai bayan shekara 30 ko 40. Ma'aikatar da ke jiran irin wannan kyauta kafin ta gyara injunanta za ta daɗe tana jira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: mu zaɓi kayan da muke da ikon buɗewa, mu kuma horar da waɗanda za su iya buɗe su.